Yadda nake kare kuɗina a waya idan siyasa ta rufe boda

Ina sayar da wake tsakanin Maraɗi da Jibiya. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 a Nijar, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, wato CEDEAO, ta rufe iyakoki, ta dakatar da mu'amalar kuɗi da Nijar, Najeriya kuma ta yanke mana lantarki. Sai 24 ga Fabrairu 2024 aka ɗage takunkumin. Ga abin da nake yi tun daga lokacin.

Raba kuɗinka uku: kashi a banki, kashi a asusun waya, kashi tsaba a gida. Ni a lokacin takunkumin duka na zuba a banki ɗaya, na yi ta bin layi, ana ba mu 'yan jikkuna kaɗan a rana. Da wace fuska zan kalli manomin da ya ba ni buhu ashirin bashi?

Sayi ƙaramin sola na cajin waya. Asusun da ke cikin waya matacciya ba ya sayen ko gishiri. Haddace lambobin da ake latsawa a tura kuɗi ba tare da intanet ba.

Sai mayaudara, su kuwa rikici kakarsu ce. Za a kira ka, a ce takunkumi zai rufe asusunka, ka faɗi lambar sirri a gyara. Kashe wayar. Banki ba ya tambayar lambar sirri. Taka da ƙafarka ka je reshe.

In za ka tura naira ta hannun ɗan canji, fara da kaɗan, sai mai karɓa ya kira ka da muryarsa kafin ka aika saura.