Kafin ka yarda a gwada sabon maganin ido a kanka, ga abin da za ka yi

Jama'a wannan maganar ta daɗe tana cina a rai. Duk sanda aka ce an gano sabon maganin makanta sai ka ga mutane sun ruɗe, musamman masu hawan jinin ido da waɗanda suga ta taɓa musu ido, kowa so yake a ce da shi za a fara. Wallahi ban ga laifinsu ba, wanda ganinsa ke raguwa kullum shi ya san abin da yake ji. Kuma binciken nan yana da amfani, allurar da ake yi cikin ido yanzu don tsayar da jijiyoyin jini masu yoyo a bayan ido, irin su Lucentis da Amurka ta amince da ita a 2006, ai sai da wasu suka miƙa idonsu aka gwada kafin a san tana aiki. Amma fa gwaji sunansa gwaji, su kansu likitocin ba su san sakamakon ba, da sun sani ai ba za su yi binciken ba.

Toh abu na farko, ka san sunan ciwonka takamaimai. "Idona ba ya gani sosai" ba suna ba ne. Ka roƙi likitan idonka ya rubuta maka sunan ciwon a takarda, da matakin da ya kai, da magungunan da kake ɗigawa. Kowane bincike ciwo ɗaya ya nufa, wani ma reshe ɗaya na ciwon. Misali maganin Luxturna da Amurka ta amince da shi a 2017, masu larurar gado a ƙwayar halitta mai suna RPE65 kawai yake wa aiki, in dundumin da ka gada daga wata ƙwayar ya fito to ba naka ba ne. Kuma in yanar ido ce ke damunka kada ka ɓata lokaci wajen neman gwaji, aikin cire yana sananne ne kuma yana dawo da gani, asibiti za ka nufa.

Sai ka nemi lambar rajistar binciken. Bincike na ƙwarai ana masa rajista kafin a fara ɗaukar mutane, a shafin ClinicalTrials.gov lambar tana farawa da NCT sai lambobi 8, akwai kuma rajistar Afirka da ake kira PACTR. Ka sa lambar a intanet ka duba, ko ka ba wanda ka yarda da shi ya karanta maka, ka ga wa ke ɗaukar nauyi, wane mataki ne. Mataki na 1 mutane kaɗan ake ɗauka kuma abin da ake nema shi ne ko maganin na da illa, na 2 ana duba yawan da ya kamata a bayar da alamun ko yana aiki, na 3 shi ne ake kwatanta shi da maganin da ake da shi ko da wanda ba a ba komai ba. In an ce maka mataki na 1 ne ka shiga da sanin cewa watakila na bayanka ne za su amfana, ba kai ba.

Amma dan Allah a nan ka tsaya ka ji da kyau, ganin suna a shafin ba ya nufin hukuma ta tantance abin. A 2015 wasu dattijai mata uku a jihar Florida ta Amurka, masu lalacewar tsakiyar tantanin bayan ido da tsufa ke kawowa, suka je wani asibiti mai zaman kansa aka ɗebi kitse daga cikinsu aka ce an tace ƙwayoyin halitta na asali daga ciki, aka yi musu allurarsa a ido biyu rana ɗaya, kowacce ta biya dala 5,000. Ɗaya ta makance ƙurmus, sauran biyun ganinsu ya lalace ƙwarai, likitocin da suka karɓe su daga baya suka wallafa labarin a 2017. Kuma a lokacin abin na cikin shafin ClinicalTrials.gov fa. Wannan labarin yana taɓa min zuciya don sun je ne da sauran ganinsu. Alamu biyu ne a ciki da ya kamata kowa ya riƙe: an karɓi kuɗi, kuma an taɓa ido biyu lokaci guda. Masu bincike na gaskiya ba sa sayar maka da abin da suke gwadawa, sau da yawa ma su ke biyan kuɗin motarka, kuma in allura ce ko tiyata da ido ɗaya ake farawa, galibi wanda ya fi lalacewa, a bar maka ɗayan.

Daga nan sai takardar amincewa. Kada ka sa hannu ranar da aka ba ka, ka tafi da ita gida, in rubutun ya maka ƙanana ka ce a karanta maka da harshen da kake ji, haƙƙinka ne. Ka tambaya wane kwamitin ɗa'a, wato masu kare haƙƙin waɗanda ake gwaji a kansu, ne ya amince da binciken, su ba ka lambar wayarsa. Ka tambaya ko za a raba mutane rukuni-rukuni, don yawanci kwamfuta ce ke zaɓa kamar ƙuri'a, kana iya faɗawa rukunin da za a danna maka sirinji marar tsini a ido don kada ka gane ko an yi maka allurar gaske, wannan ba yaudara ba ce in dai an faɗa maka tun farko. Ka tambaya sau nawa za ka riƙa zuwa, na wata nawa, in ido ya samu matsala wa zai biya jinya, kuma in an gama binciken maganin ya yi maka aiki za a ci gaba da ba ka ko shikenan. Tambayar ƙarshen nan mutane na mantawa da ita, alhali akwai na'urar Argus II da aka riƙa dasa wa wasu makafi a bayan ido, an amince da ita a Amurka a 2013, daga baya kamfanin ya daina ƙera ta, mutane suka zauna da na'ura a ido gyara na neman gagararsu.

Masu hawan jinin ido ku kam kada wanda ya sa ku ajiye maganin ɗigawa sai da sanin likitanku. Jijiyar ido in ta mutu ba ta dawowa, duk wanda ya ce yana da abin da zai farfaɗo da ita a yau ka nemi ya nuna maka hujja.

Ranar tantancewa ka tafi da ɗan rakiya da baƙin tabarau, za a ɗiga maka maganin buɗe ƙwayar ido, gani zai yi dishi-dishi na wasu awanni ba za ka iya tuƙi ba. Za ka karanta haruffa a allo, a auna ƙarfin ruwan ido, a ɗauki hoton bayan ido da na'urar OCT. Ka faɗi gaskiya kan duk abin da kake sha ko kake sawa a ido har na gargajiya, in an ce ba ka cika sharaɗi ba kada ka ji haushi, sharuɗɗan don kare ka ma aka sa su.

In ka shiga, ka ajiye lambar gaggawarsu a wayarka. Bayan allura ko tiyata, in ido ya fara ciwo mai tsanani, ko ja ya ƙaru, ko gani ya faɗi farat ɗaya, ko ka ga walƙiya da wani abu kamar labule yana rufowa, ranar za ka kira ko tsakar dare ne, kada ka jira ranar da aka sa maka. Kuma duk sanda ka ji ba ka so kana da ikon fita ba sai ka ba da dalili ba, ba kuma za a hana ka kulawar da ka saba samu ba, sai dai ka sanar da su ka je awon ƙarshe, su rubuta maka abin da aka sa a idonka ka kai wa likitanka.