Idan motarka ta ƙi shan kwana a wasan tseren mota na Forza Horizon 5

'Yan'uwa, kafin ku ƙona kuɗin wasa wajen canza inji, ku gwada wannan. Idan ka murza sitiyari amma gaban mota na ta miƙewa waje, shiga wurin saiti, buɗe Antiroll Bars, ka rage lambar gaba kaɗan. Kada ka taɓa komai bayan wannan.

Dalili: ƙarfen nan shi ke haɗa tayoyin hagu da dama. In na gaba ya yi tauri, nauyi na taruwa a kan tayar waje, sai ta gaji ta fara zamewa. Da ka sassauta shi, gaban zai kama titi. Amma sai ka sa wa motar Antiroll Bars nau'in Race kafin saitin ya buɗe.

Don Allah, abu ɗaya za ka riƙa canzawa, ka koma hanya ɗaya ka duba lokacinka. Masu juya abu biyar a tare ba sa sanin wanne ya yi aiki.

Inda ba ya ci: in motar na miƙewa ne sai ka taka totur wajen fita kwana, duba saitin Differential, wato abin da ke raba ƙarfin inji tsakanin tayoyi. In kuma ka sassauta da yawa, bayan motar zai fara wutsil-wutsil. Wanda ya shiga kwana da gudun wuce sa'a kuwa, birki yake buƙata da wuri.