Yadda na gyara kunun 'yata

Da 'yata ta cika wata 6, lokacin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a fara ba jariri abinci tare da nono, na soma dama mata kunu mai ruwa-ruwa, amma nauyinta ya ƙi ƙaruwa. Ma'aikaciyar asibiti ta bayyana mini cewa cikin jariri ƙarami ne, tsinkakken kunu yana cika shi ne kawai ba tare da ya ƙosar ba. Sai na koma dama shi da kauri, yadda ko an karkata cokali ba zai zube ba, ina ƙara ɗan mai da dafaffen ƙwai murƙushe. Zuma kuwa ban sa ba, domin ba a ba yaro ita kafin ya shekara. Ban daina shayarwa ba, kuma a awo na gaba nauyinta ya ƙaru.