Yadda mai gurmi zai shirya kundin waƙoƙi da salon kantiri

Mawaƙin gargajiya a Damagaram da ke son ya gwada kiɗan kantiri na Amurka ya kamata ya fara da saurare, kuma ya nemi tsofaffin waƙoƙi kafin na zamani. Waɗanda Jimmie Rodgers da iyalin Carter suka ɗauka a garin Bristol na jihar Tennessee a 1927 sun isa makaranta, domin babu abin da ya rufe muryar mai waƙa sai kayan tsirkiya kaɗan. A nan zai gane cewa ƙashin bayan wannan kiɗa labari ne: talauci, ƙaura, kewar gida da rabuwar masoya. Matashin da ya tafi Libiya neman kuɗi, ko manomin da damina ta yi masa gardama, duk sun dace da shi.

Sai zaɓen kayan kiɗa, wanda a ganina nan ne aikin yake. Banjo, da ake ji a da yawa daga cikin tsofaffin waƙoƙin kantiri, ya samo asali ne daga kayan tsirkiya na Afirka ta Yamma da bayi suka ƙera a ƙasashen da aka kai su, ƙwarya ce da aka rufe da fata, don haka gurmi yana iya zama a gurbinsa ba tare da an tilasta shi ba. Goge kuma ya riƙe wurin da mawaƙan kantiri suke sa nasu gogen. Jita ce baƙuwa, kuma aikinta shi ne riƙe taki a ƙasa, tana sauyawa tsakanin haɗin sauti uku kacal. A daidaita jitar da gurmi tun kafin a kunna na'ura, kuma a riƙa duba fatar tsakanin waƙa da waƙa, saboda a hunturu takan ɗaure har sautin ya hau, da damina kuwa takan saki sai an gasa ta kusa da garwashi.

Wajen rubuta baituka, kada a bar karin kiɗan baƙi ya karya karin harshe. Hausa tana da hawa da saukar murya, kuma idan aka ja kalma ta inda ba ta saba ba, ma'ana na iya sauyawa. A fara rera baitin babu kiɗa, sannan a ɗora jita a kansa. Amshi ya zama gajere, yadda ƴan amshi za su kama shi nan take. Kwaikwayon lafazin Turawan kudancin Amurka da sa malafarsu ba sa ƙara komai.

Ɗaukar sauti ta fi kyau da dare, bayan ƴan kabu-kabu sun rage zirga-zirga, a ɗaki mai tabarmi ko labule a bango. Waƙa takwas zuwa goma sun isa kundi. Kafin a ba gidajen rediyo ko a saka a intanet, a yi wa waƙoƙin rajista a BNDA, hukumar kare haƙƙin mawallafa ta Nijar, a kuma rubuta sunan duk wanda ya yi kiɗa ko amshi.