Yadda za ka yi idan an kama ɗan'uwanka a Legas bisa zargin lalata da ƙaramar yarinya

Yawancin mutanenmu na Agege da Mile 12 da Idi-Araba, idan irin wannan magana ta taso, da ma'aunin gida suke auna ta. Sai ka ji ana cewa ai yarinyar ta balaga, ai saurayinta ne, ai da ƙafarta ta je ɗakinsa. Dokar Legas ba ta san wannan ba. Sashe na 137 na Dokar Laifuka ta Jihar Legas ta 2015 ya tanadi ɗaurin rai-da-rai ga duk wanda ya sadu da yaro ko yarinya, kuma yaro a wajen dokar jihar shi ne wanda bai cika shekara 18 ba. Yardarta ba ta wanke kowa. Dokar Haƙƙin Yara ta ƙasa ta 2003 ta ma fayyace cewa ko mutum ya zaci ta kai 18, wannan ba hujja ba ce. Wanda bai riƙe wannan ba tun farko, duk ƙoƙarin taimakon da zai yi ƙara nutsar da ɗan'uwansa zai yi.

Da an ce maka an kama shi, ka fara gano caji ofis ɗin da yake, da sunan jami'in da ke riƙe da binciken. Ka rubuta ranar da lokacin kamun a takarda. Irin wannan ƙara ba ta cika daɗewa a ƙaramin ofishi ba, ana mayar da ita sashen 'yan sanda mai kula da cin zarafin mata da yara a Ikeja, ko kuma Panti, wato ofishin 'yan sandan binciken manyan laifuka da ke Yaba, don haka kullum ka tambaya ko an ɗauke shi. Idan ana nemansa ne ba a kama shi ba tukuna, kada ka ɓoye shi, kada ka sa shi a motar Arewa. Ɓoye wanda ka san ya aikata laifi shi ma laifi ne, kuma gudu na rufe ƙofar beli nan gaba. Lauya ya raka shi ya kai kansa. Haka nan doka ta hana a kama uba ko mata ko ƙane a madadin wanda ake nema.

Sai lauya, kuma a ranar, ba sai an kai kotu ba. Ni dai ban yarda a ɗauko lauyan da ya rubuta maka takardar fili ko ta haya ba. A nemo wanda ya saba da shari'ar manyan laifuka a Ikeja. Kuɗinsu da tsada, gaskiya ne, amma idan babu hali akwai Ofishin Kare Marasa Ƙarfi na jihar, wato OPD, wanda hedikwatarsa ke Surulere, akwai kuma Hukumar Ba da Agajin Shari'a ta tarayya. Duka biyun kyauta suke aiki. Masu tsayawa a bakin caji ofis suna cewa sun san oga, a ba su kuɗi kaza a gama magana, ku kauce musu.

Inda na ga an fi yin ɓarna shi ne wajen rubuta bayani. Mutum bai iya Turanci ba, ɗan Burokan ɗin da yake ji na ciniki ne, an tsare shi ya kwana a tsorace, sai a rubuta takarda a miƙo masa ya dangwala yatsa. Bayan wata da watanni a karanta masa a kotu, ya ce shi ba haka ya faɗa ba, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe. Sashe na 35 na Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya ba shi damar yin shiru har sai ya gana da lauyansa, kuma dole cikin awa 24 a sanar da shi dalilin kamun a rubuce, da harshen da yake fahimta. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta Legas ta ce bayanin amsa laifi a ɗauke shi a bidiyo, idan babu na'ura a rubuta shi gaban lauyan da ya zaɓa. Don haka idan ka samu ganinsa, ka gaya masa ya ce cikin ladabi yana jiran lauyansa, yana kuma son tafinta na Hausa, kuma kada ya sa hannu a abin da ba a karanta masa ya gane ba. A tabbatar an rubuta sunan tafintan, shi ma ya sa hannu. Idan an doke shi, ya faɗa wa lauya nan take, domin dokar hana azabtarwa ta 2017 ta haramta hakan.

Yin shiru daban, yin ƙarya daban. Kada ku zauna ku shirya masa labari. Ya faɗa wa lauyansa gaskiya tsirara, ko da mai ɗaci ce. Idan da gaske ba ya wurin a lokacin da ake magana, misali yana kan hanyar ɗauko kaya daga Kano, to tun a wajen 'yan sanda zai faɗa, da sunan wurin da mutanen da suke tare, don a bincika. Wanda ya bari sai a kotu ya kawo wannan, alƙali ba ya cika ba shi nauyi. Wayarsa kuwa kada kowa ya taɓa ta. Goge saƙo ko hoto lalata shaida ne, kuma wanda ya goge zai iya samun kansa a cikin tuhumar.

Yanzu ga abin da ya sa na zauna rubuta wannan. Da zarar an yi kamu, dangi sai su tara dattawa, a nemi liman ko wani daga fadar Sarkin Hausawa, a nufi gidan iyayen yarinyar da goro da kuɗi a ce a rufa asiri, wani lokaci har a ce zai aure ta. Ina roƙonku da Allah ku bar wannan. Sulhu abin alheri ne a rikicin kasuwa da na maƙwabta, amma a nan ƙarar ba ta iyayen yarinya ba ce, ta gwamnatin jiha ce, ba su da ikon janye ta ko sun so. Ba da kuɗi don a kashe maganar babban laifi, da karɓarsa, duk laifi ne a dokar Legas. Mai gabatar da ƙara kuma zai tsaya gaban alƙali ya ce ga shi sun je neman gafara, wanda bai yi ba me zai kai shi? Aurar da wadda ba ta kai 18 ba ma doka ta haramta a jihar. Na ga inda wanda ya je neman sulhu da zuciya ɗaya ya dawo ana tuhumarsa da yi wa shaidu barazana.

Ko da doka ba ta hana ba, a tsaya a dubi yarinyar. Ita ma 'yar wani ce, watakila 'yar unguwarku ce da kuke gaisawa da mahaifinta a masallaci. Duk zuwan da aka yi gidansu, ita ake matsa wa ta canja magana. Ku hana matan gida da samari yawo da sunanta, ku hana ɗora zancen a Facebook ko WhatsApp, kada kowa ya tare ta a hanya. Idan iyayenta ba su san inda za su kai ta ba, kuma wani na tsakani zai iya sanar da su, akwai cibiyar Mirabel a asibitin koyarwa na jihar da ke Ikeja, inda ake duba waɗanda aka ci zarafinsu kyauta, kuma maganin kariya daga ƙanjamau sai an fara shi cikin awa 72 yake aiki. Akwai kuma hukumar jihar mai yaƙi da cin zarafi a gida da na lalata, DSVA. Idan akwai ƙananan yara a gidan wanda ake zargi, a sa musu ido, a saurare su. Tsaya wa ɗan'uwanka ya samu shari'ar adalci bai hana ka yarda cewa mai yiwuwa ya aikata ba.

Daga nan sai kotu. Ya kamata a gurfanar da shi cikin kwana ɗaya ko biyu. Kotun majistare ba ta da hurumin yanke hukunci a kan laifi mai ɗaurin rai-da-rai, abin da za ta yi shi ne tura shi gidan gyaran hali, Kirikiri ko Ikoyi, a aika fayil ɗin ofishin daraktan gabatar da ƙararraki, DPP, a Ma'aikatar Shari'a da ke Alausa don neman shawara. A nan mutane ke daɗewa, don haka lauya ya riƙa bibiyar fayil ɗin. Idan shawarar ta ce babu hujja, a sallame shi. Idan ta ce akwai, sai babbar kotu, inda tun 2018 aka ware kotu ta musamman a Ikeja don laifukan lalata. Beli a irin wannan tuhuma yana da wuya, lauya ne zai nema a rubuce, ku kuma ku tanadi masu tsaya masa da ke da tabbataccen adireshi a Legas da shaidar biyan haraji. Mace ma tana iya tsayawa. A kotu tafinta haƙƙinsa ne, kyauta.

Idan shekarun yarinyar ne ake jayayya a kai, takardar haihuwa da bayanan makaranta da shaidar iyaye da ta likita ake dubawa, ba girman jiki ba. Idan wanda ake zargin shi ma bai kai 18 ba, a kai takardar haihuwarsa tun a caji ofis, domin kotun iyali ce ke duba lamarinsa kuma ba a tsare shi tare da manya. Idan ya san ya aikata, ya tattauna da lauyansa kan yarjejeniyar amsa laifi don neman sassauci, wadda dokar Legas ta yarda da ita, ta kuma hutar da yarinyar tsayawa a yi ta yi mata tambayoyi. Wanda aka samu da laifi ana sa sunansa a rajistar masu laifin lalata ta jihar, kuma yana da kwana 90 ya ɗaukaka ƙara.