Tsohuwar takardar inshora da gurɓataccen fili: inda masu fili a Amurka ke tafka asara

A Amurka mutum zai sayi tsohon shagon wankin kwat, ya yi shekaru yana neman abincinsa, sai wata rana wasiƙa ta iso daga hukumar kare muhalli: an gano sinadari a ƙarƙashin filinsa, ya gangara har cikin ruwan ƙasa, kuma kuɗin share shi na wuyansa. Tun 1980, lokacin da shugaba Jimmy Carter ya sa hannu a dokar Superfund ta share gurɓatattun filaye, bayan masifar Love Canal, wata unguwa da aka gina a kan juji mai guba a jihar New York, mai fili na yanzu kan ɗauki nauyin ɓarnar da ba shi ya yi ba. Abin da ke ba ni takaici shi ne, da yawa kuɗin aikin na nan kwance a cikin takardun da suka raina.

Kuskuren farko shi ne duba inshorar bana. Ba za ta biya ba, domin tun wajen 1986 kamfanonin inshora suka cire gurɓatar muhalli gaba ɗaya daga inshorar alhaki da ƴan kasuwa ke saye. Ta kafin nan daban take. Tana ɗaukar ɓarnar da ta auku a shekarar da aka biya kuɗinta, ko da sai bayan shekara 50 aka zo neman diyya. Idan sinadarin PERC da ake wanke kwat da shi ya riƙa ɗiga daga injin yana bin tsagin siminti a 1972, takardar 1972 ce za a nema, kuma tana da rai har gobe.

Na biyu ya fi ciwo: mutum ya ce takardar ta ɓata, shi ke nan. A 2002 kotun ƙolin Kalifoniya, a shari'ar kamfanin Dart Industries, ta yarda a tabbatar da ɓatacciyar inshora da wasu shaidu, ba sai an kawo ainihin takardar ba. Don haka kada a zubar da kwalin nan mai ƙura da ke bayan injin. A buɗe shi a bi takarda ɗaya-ɗaya. Littafin akanta da aka rubuta kuɗin inshora a layi guda, gutsuren cak mai sunan kamfani, yarjejeniyar haya da ta wajabta wa ɗan haya yin inshora, wasiƙar dillali mai lamba a samanta, duk shaida ne. Har fayil ɗin kotu na wata tsohuwar ƙara, wadda wani ya zame ya faɗi a ƙofar shago, yakan nuna kamfanin da ya biya lauya a lokacin. Sunan kamfani, lambar takarda, shekara da iyakar abin da za a biya, su ake farauta. Akwai ma mutanen da sana'arsu ke nan, tono tsofaffin inshora. A kuma nemi tsohon mai shagon ko magadansa tun suna raye, domin shi ma doka na iya hawa kansa, inshorarsa kuma ta shigo cikin lissafi.

Wasu kuma sai su ga sunan kamfanin da ba su taɓa ji ba, su ɗauka ya mutu. Galibi wani ne ya saye shi ya gaji bashinsa. Tsofaffin alhakin kasuwar inshora ta Lloyd's a Landan an tattara su a wani kamfani mai suna Equitas a 1996, daga baya kamfanin inshora na National Indemnity, mallakar kamfanin Berkshire Hathaway, ya karɓi ragamarsu. Wanda ya karye da gaske, irin Home Insurance da aka rushe a 2003 (nasa wa'adin ya riga ya wuce), akan sa masa wa'adin shigar da buƙata, kuma wa'adin ba ya jiran kowa.

Sai jinkiri. Ranar da wasiƙar hukuma ta zo, a makon nan ya kamata a sanar da kowane kamfani a rubuce, ko da ba a gama tattara shaida ba. Mai fili mai son ya nuna gaskiyarsa kan yi gaggawar ɗauko injiniya, ya biya a haƙa rijiyoyin gwaji, ya sa hannu a yarjejeniya da hukuma, sannan ya tuna da inshora. Kamfanin sai ya ce kai ka sa kanka, ba da izinina ba, ya ƙi biyan duk abin da aka kashe kafin sanarwa.

Kada kuma a ɗauki wasiƙar ƙin biya ta farko a matsayin hukunci. Daga 1973 zuwa wajen 1986 takardun sun ce ba a biyan gurɓata sai ta auku "kwatsam kuma bisa haɗari", kotuna kuwa sun rabu a kan ma'anar kwatsam. New York ta tsaurara ma'anar, abin ya yi wa kamfanonin inshora daɗi. New Jersey a shari'ar Morton ta 1993 ta hana kamfanoni fakewa da kalmar, Indiyana a shari'ar Kiger ta 1996, wadda ta shafi gidan mai, ta ce sharaɗin na da harshen damo, aka fassara shi don amfanin wanda ya sayi inshorar. Idan suka ce ba sa biyan ɓarna a filin mutum na kansa, a duba ko sinadarin ya taɓa ruwan ƙasa, domin a jihohi da yawa ruwan nan na al'umma ne. Shi ya sa lauyan da za a ɗauka ya zama wanda ya san dokar inshora ta wannan jihar takamaimai.

Idan kamfani ya ga ba mafita, yakan zo da tayi: ga kuɗi dunƙule, ka mayar mini da takardata, mun rabu har abada. Kada a sa hannu sai injiniya ya auna iyakar inda sinadarin ya malala. PERC ya fi ruwa nauyi, yana nutsewa ƙasa, tururinsa kuma na iya tasowa ta daɓen gidan maƙwabci bayan shekaru. Idan takardar sulhun ta haɗa da ƙarar maƙwabta, a sa lauya ya cire wannan sakin layin, ko a ƙara kuɗin.