Babi na Shida: Ranar da Aka Ce Sai An Yi Aiki

Darasi na 1: Kalmomin yau

Ku buɗe littafi. Kowa ta ɗora yatsa a kan kalmar farko. Ba sauri muke ba.

ti – ya – ta: tiyata
na – ƙu – da: naƙuda
ka – ti: kati
lam – ba: lamba

Ku dubi ƙ ɗin naƙuda, mai lanƙwasa ce a ka. Wadda ta manta lanƙwasar ta goge ta sake. Ni ma haka na fara.

Tiyata ita ce abin da muke ce wa aiki. In kun ji an ce an yi wa wance aiki, to likita ne ya yanka ƙasan cibiya, a saman mara, ya ciro jariri ta nan. Ana yin haka in jariri ya kwanta a gicciye, ko kansa ya fi ƙarfin ƙugun uwa, ko mabiyiya ta tare ƙofa, ko jijjiga ta kama mai ciki, ko naƙuda ta yi tsawo ba ci gaba. Duk cikin waɗannan babu wanda ragwanta ta kawo. Mai cewa wance raguwa ce ta kasa haihuwa da kanta, ku ce ta je Asibitin Jahun a jihar Jigawa, inda likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suke aiki tun 2008, ta leƙa ɗakin masu yoyon fitsari. Yawancinsu doguwar naƙuda a gida ce ta kai su can, kuma da yawa a cikin fari ne.

Darasi na 2: Lamba goma sha ɗaya

Wata ɗalibar ajin nan ta yarda in ba da labarinta, amma ban da suna. Bara da rani 'yarta ta zo goyon ciki. Naƙuda ta kama ta bayan la'asar, ta yi gum, kun san kunyar cikin fari. Sai da asuba uwar ta jiyo nishi. Aka kira ungozoma, aka sha rubutu, har rana ta take. Da azahar aka samu motar kasuwa ta kai su babban asibiti. Ma'aikaciya ta shafa cikin ta ce, "Iya, yaron nan a gicciye yake, sai an yi aiki." Aka miƙo takarda a sa hannu.

Miji yana ci-rani a Legas. Uwar ta ce 'yarta ce, amma matar wani ce, ba za ta sa hannu a yanka ta bai sani ba. To a kira shi. Lambarsa tana bayan katin awo, uwar da kanta ta rubuta, tana murna ta iya rubutu. Aka buga, ba ta shiga ba. Aka sake, shiru. Sai wani saurayi da ya zo jinyar matar wansa ya ƙirga, ya ce lambar goma ce, ɗaya ta faɗi. Kafin a samu ɗan acaɓa ya koma ƙauye ya karɓo ta wajen ƙanen mijin, an yi la'asar. Yarinya tana kwance tana cewa, "Inna, ki dangwala mana."

Allah ya kiyaye, uwa da ɗa suna nan lafiya. Amma a kan lamba ɗaya aka sha wannan wuya.

Saboda haka yau lambar waya za mu yi, gobe ma ita. Lambar wayar hannu a ƙasar nan guda 11 ce. Ta farko sifili. Ba goma ba, ba sha biyu ba. Sha ɗaya.

Kada ki rubuta su a jere kamar tururuwa. Raba su gida uku: huɗu, uku, huɗu.

_ _ _ _     _ _ _     _ _ _ _

Ja layukan tukuna, kafin ki rubuta komai. Layi huɗu, ki bar fili. Layi uku, ki bar fili. Layi huɗu. Yanzu ɗora lamba ɗaya a kan kowane layi. Ɗaya tak. In kin gama kika ga layi ba kowa a kansa, wata ta faɗi. In lamba ta rage a bakinki layi ya ƙare, kin maimaita wata.

Yanzu ƙirga da yatsa, da murya: ɗaya, biyu, uku, har sha ɗaya. Madalla. Sake ƙirgawa.

Inda kuka fi faɗuwa na sani, domin shekara da shekaru ina gani. In lamba iri ɗaya ta zo sau biyu a jere, kamar 3 da 3, sai hannu ya rubuta ɗaya ya wuce. In mai faɗa ya ce uku uku, to uku biyu ne, kowanne da layinsa. Sai 6 da 9. Shida cikinta a ƙasa yake kamar mai ciki, tara kanta ne babba. Ku riƙe wannan.

Ba a gama ba. Miƙa wa ta kusa da ke ta ƙirga miki. Sannan ki ari waya ki buga lambar daga takardar, ba daga ka ba, ki ji ta shiga. Lambar da ba a buga aka ji muryar mai ita ba, ban ɗauke ta a rubutacciya ba.

Aiki: a bayan katin awo a rubuta lamba biyu, ta miji da ta wani babba a gidansu wanda ba ya tafiya ci-rani. Huɗu, uku, huɗu. A ƙirga. Sha ɗaya.

Kuma tun ciki yana wata bakwai a zauna da maigida a tambaye shi: in aka ce aiki ba ka nan, wa zai sa hannu? Ya faɗa a gaban iyayensa. Ita ma mai cikin, in ta kai shekara 18 kuma tana cikin hayyacinta, tana da ikon sa wa kanta hannu. Takardar da Turanci take zuwa. Ki ce a fassara miki, ba rashin kunya ba ne. Sunanki a kan layin ƙasa ake rubuta shi. Wadda hannunta bai faɗa ba tukuna ta dangwala babban yatsa.

Darasi na 3: A cikin ɗakin aiki

Na tambayi yarinyar abin da ta gani, don ku daina jin tatsuniya. Ta ce an sa mata ƙarin ruwa da robar fitsari, an hana ta ci da sha. Aka zaunar da ita ta sunkuya, aka yi mata allura a gadon baya. Ƙafafu suka yi ɗumi, suka yi nauyi, daga ƙirji zuwa ƙasa ta daina jin kanta. Idonta biyu. An tare gabanta da ƙyalle. Zafi babu, sai dai ta ji ana ja ana dannawa, kamar ana zaro zani daga ƙasan adaka. Ba a jima ba ta ji kuka. Ɗinkin ne ya fi cin lokaci, duka-duka bai wuce awa guda ba. Wasu matan kuwa barci ake sa su gaba ɗaya, likita ne ke zaɓa.

Zafin yana zuwa ne bayan allura ta sake ta. Ta ce tari da dariya su ne abokan gaba, sai ta danne wurin da matashi. Washegari aka ce ta tashi ta taka, ta ɗauka mugunta ce. Ba mugunta ba ce, takawar ce ke hana jini daskarewa a ƙafa. An ɗora mata yaro ya sha dakashi. Kada a matse dakashi a zubar, shi ne rigakafinsa na farko.

Maganar kuɗi: a Nuwamban 2024 ministan lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya sanar da aikin haihuwa kyauta ga mata marasa ƙarfi. Ba a kowane asibiti ba ne, ki tambaya ranar awo. Kuɗin mota dai a ɗaure shi a gefe, a kuma san 'yan'uwa biyu da za su iya ba da jini.

Kin duba lambar bayan katinki yau? Ƙirga ta.

Darasi na 4: Wankan jego

Nan kam na gaji da faɗa, ku iyaye da kakanni nake nufi. Yarinya ta dawo da ɗinki a ciki, ku ɗora tukunya ku tsoma ganyen darbejiya a tafasasshen ruwa ku yi ta fyaɗa mata, wai kada ta yi ɗanyen jego. Haba jama'a! In ɗinkin ya buɗe, ku ne za ku ɗinke? Ruwa mai ɗumi da sabulu ya isa, a tsane wurin da tsumma mai tsabta, a bar shi a bushe. Ba toka, ba man shanu, ba ɗaurin ciki a kan ciwo. Kunun kanwa ma a sassauta. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta yawan kanwa da zafin jego da ciwon zuciyar masu jego.

Ba daka, ba jan ruwa a rijiya, har mako 6. Ranar suna ta zauna, baƙi su zo su same ta.

A koma asibiti a ranar, ba gobe ba, in an ga zazzaɓi, ko wurin ya yi ja yana ruwa ko wari, ko jini ya ɓalle, ko ƙafa ɗaya ta kumbura.

Darasi na 5: Magani

In an ja sanda uku a jikin leda, sau uku ke nan: safe, rana, dare. A shanye duka ko an ji sauƙi.

Aiki: ku ja sanda uku, ku rubuta sa – fe, ra – na, da – re.

Darasi na 6: Ciki na gaba

A huta shekara 2. Haihuwa ta gaba a asibiti, a faɗa musu an taɓa aiki.

Aiki: ku kwafe layin nan sau biyar. Ranar Talata kowa ta zo da kati.